Tamale: Yadda masu gudun motsa jiki ke raba asuba tsakanin titi da gida a lokacin Kirsimeti

Da misalin ƙarfe biyar da rabi na safiyar Asabar, kafin gari ya gama wayewa, akan ga mutane rukuni-rukuni suna sassarfa a gefen manyan titunan Tamale, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Ghana. Wasu sun nufi filin wasa na Aliu Mahama, wanda aka gina domin gasar cin kofin Afirka ta 2008, wasu filin Jubilee, wasu kuma sun miƙe hanyar Bolgatanga. A cikinsu akwai malaman makaranta, ma'aikatan jinya, ƴan kasuwa da ma'aikatan banki. Mafi yawansu ba ƴan wasa ba ne, kuma babu wata lambar yabo da suke nema. Wani likita ne ya tsorata shi da hawan jini, wani tumbi yake son ragewa, wata kuma a nan kaɗai take samun sa'a guda da ba wanda zai kira sunanta.

A sauran watannin shekara wannan fita ba ta cika tayar da ƙura a gida ba. Daga tsakiyar Disamba zuwa makon farko na Janairu ne lamarin kan sauya. Yara suna hutu, baƙi sun sauka, akwai girki mai yawa, akwai zuwa coci ko biki, ga tafiya garin surukai. Sa'ar da mai gudu ya saba ɗauka tasa ce sai ta zama sa'ar da gida ya fi bukatarsa. Daga nan ne ƙaramin abu irin takalmin kambas da aka ajiye a bakin ƙofa kan zama mafarin doguwar magana tsakanin miji da mata.

Disamba ta shafi kowa

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai iya tambaya: ina ruwan Tamale da Kirsimeti, garin Dagombawa da Musulmi suka fi rinjaye, garin da Hausawa ke da zango tun kaka da kakanni? Amsar tana cikin yadda ƙasar take. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 71 cikin ɗari na mutanen Ghana Kiristoci ne, Musulmi kuma kusan kashi 20. Saboda haka kalandar aiki da ta makarantu duk suna bin Kirsimeti, wanda ƴan Nijar suka fi sani da Nowel, ƴan Ghana kuma ke kira Bronya. Ranakun 25 da 26 ga Disamba hutu ne, haka 1 ga Janairu, sannan 7 ga Janairu, ranar tsarin mulki.

Tamale kanta tana da Kiristoci masu yawa. Akwai Frafra da Kasena daga yankin Bolgatanga da Navrongo, akwai Dagaaba daga wajen Wa da Nandom, akwai Ashanti da Ewe da aiki ya kawo daga kudu. Birnin mazaunin babban bishop ne na ɗarikar Katolika, kuma a nan marigayi Peter Dery ya riƙe wannan muƙami kafin a naɗa shi kadinal a 2006. Ba abin mamaki ba ne a samu zuri'a ɗaya da wa yake Musulmi, ƙanwa Kirista.

Su ma gidajen Musulmi ba su tsira daga hidimar watan ba. An gama girbi, damina ta wuce, ƴan uwa da ke Accra da Kumasi sun samu hutu sun dawo, don haka a wannan tsakanin ake jera ɗaurin aure da suna da manyan tarukan makoki da aka jinkirta zuwa rani. Ko da wane addini mutum yake bi, ƙarshen Disamba lokaci ne da gida ke cike, aljihu kuma ke kuka.

Dalilin da ya sa asuba ce ake ja-in-ja a kanta

Yanayin garin ne ke tilasta wa mai gudu fita da sassafe. A Disamba ana kiran sallar asuba wajen ƙarfe biyar, rana ta fito jim kaɗan bayan shida, kuma a wannan ɗan tsakanin ne ake samun sanyin hunturu mai daɗin gudu. Kafin azahar zafi ya haura maki 30 a ma'aunin Salshiyas. Da yamma kuwa rana na faɗuwa kafin ƙarfe shida, titi ya cika da babura da kekuna masu ƙafa uku da ake kira yalo-yalo. Wanda ya rasa asuba, kusan ya rasa gudun ranar.

Matsalar ita ce aikin gida ma asuba yake so. Ruwan famfon Tamale daga kogin Farar Volta ake jawo shi, wanda a Burkina Faso ake kira Nakambe, a tace shi a Dalun, amma birnin ya girma ya fi ƙarfin abin da ake turowa. Unguwanni da dama kan yi kwanaki famfo bai kawo ba, musamman da rani. In ya kawo cikin dare ko da asuba, dole wani ya tashi ya cika randa da duro da jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ƴan Ghana ke wa laƙabi da galan ɗin Kufuor. In bai kawo ba, dole wani ya ɗaura jarka a babur ko ya tsaya jiran mai tankar ruwa. Gidan da ke da mutum biyar, baƙi suka mayar da shi goma sha biyu, ruwan wanka da na girki da na wanke-wanke ya ninka. Ƙari a kan haka, ƙurar hunturu na sa a share tsakar gida a goge kujeru kowace safiya, a ɗora ruwan zafi na wankan yara da tsofaffi, a dama koko.

Wa ke yin wannan duka? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta yi a 2009 kan yadda mutane ke amfani da lokacinsu ya nuna abin da kowa ya sani a gidansu: mata sun fi maza ɗaukar aikin gida da ba a biya, nesa ba kusa ba. Ma'ana, duk sa'ar da maigida ya fita gudu, akwai wadda ta biya kuɗinta da nata lokacin.

Sa'ar ma ba sa'a ɗaya ba ce. A ɗauki misalin malamin makaranta da ke zaune a Kalpohin, wanda ke ce wa matarsa gudun minti arba'in kawai zai yi. Zai sa kaya, ya hau babur zuwa inda ƙungiyarsu ke haɗuwa, a jira waɗanda suka makara. Bayan gudun akwai miƙe jijiyoyi da ɗan atisaye da kiɗa, akwai ɗaukar hoto, akwai tsayawa wajen mai koko da ƙosai ko mai wake da shinkafa, wanda a Ghana ake kira waakye. In ya dawo zai yi wanka da ruwan da bai ɗebo ba, wataƙila ya ɗan kishingiɗa. Minti arba'in ya zama sa'a biyu da rabi. Shi yana lissafa abin da agogonsa ya nuna, ita tana lissafa daga lokacin da ya rufe ƙofa zuwa lokacin da ya sake zama mai amfani a gidan. Kowannensu gaskiya yake faɗa, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Abin da ke ƙarƙashin ƙorafin

Ba kasafai mace ke ƙin mijinta ya nemi lafiya ba. Ita ce ta farko da za ta sha wahala in hawan jini ya kwantar da shi. Abin da ke ɓata rai yawanci abu uku ne.

Na farko, yanke shawara ba tare da tambaya ba. Mutum ya sa ƙararrawar waya ƙarfe huɗu da rabi, ya sulale, sai da gari ya waye aka ga ba ya nan, alhali a daren jiya an yi maganar zuwa kasuwar Aboabo sayen kaji ko zabi.

Na biyu, kuɗi. Takalmin gudu mai kyau, ko da na gwanjo ne, ba shi da arha. Ƙungiyoyin motsa jiki, waɗanda a Ghana ake kira kif-fit, sukan buga riga ta musamman, su haɗa kuɗin walimar ƙarshen shekara. Duk wannan na faɗowa ne a watan da ake ɗinkin yara, ake sayen buhun shinkafa da mai, ake kai wa iyaye gaisuwa, ga kuma kuɗin makaranta na jira a Janairu. Sidi ɗaya da aka kashe wa ƙungiya ba tare da shawara ba ya fi goma zafi.

Na uku, zargi. Ƙungiyoyin nan maza da mata ne a haɗe, suna da zaurensu a WhatsApp, kuma hotuna na yawo. Wanda aka bari a gida yana ganin mijinta ko matarsa cikin dariya da mutanen da bai sani ba, da ƙarfe shida na safe. Maganin wannan shi ne sani. Wanda ya taɓa zuwa filin sau ɗaya, ya gaisa da shugabannin ƙungiyar, ya ga dattawa da matan aure a ciki, ba zai riƙa zana wa kansa abin da babu ba.

Tsoron rasa ƙarfi: abin da bincike ya nuna

In aka tambayi mai gudu dalilin da ba zai iya haƙura na mako biyu ba, amsarsa ɗaya ce: wahalar wata shida za ta tafi a banza. Wannan tsoro yana da tushe, amma an fi ƙarfin girmansa.

A wani bincike da masanin motsa jiki Edward Coyle da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1984, ƙwararrun masu gudu da tseren keke sun daina atisaye baki ɗaya. Ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin, wanda shi ne ma'aunin juriya, ya ragu da kusan kashi 7 cikin ɗari a kwana 21 na farko, ya kai kusan kashi 16 bayan kwana 56. Wato dainawa gaba ɗaya tana da illa, amma a hankali take zuwa. Hutun kwana uku ko huɗu ba ya rushe komai.

Binciken da ya fi dacewa da magidanci shi ne wanda Robert Hickson ya jagoranta a Chicago, aka wallafa a 1981. An sa mutane atisayen minti 40 a rana, kwana shida a mako, har mako goma. Daga nan aka rage wa wasu zuwa kwana huɗu, wasu zuwa kwana biyu kacal a mako, amma ba a rage tsananin atisayen ba. Bayan mako 15, juriyar da suka samu tana nan ba ta ragu ba. Da aka sake gwajin daga baya ta hanyar rage tsananin, sai juriyar ta faɗi. Darasin a bayyane yake: gina ƙarfi ne ke cin lokaci, riƙe shi ba ya bukatar da yawa. Fita biyu ko uku a mako, a yi su da himma, sun isa su tsallakar da mutum daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu.

Ko ta fuskar lafiya haka lissafin yake. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2020 ita ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Gudun minti 25 sau uku ya cika mafi ƙarancin adadin. Tafiyar ƙafa mai sauri da ɗaukar jarkar ruwa mai lita 25 su ma motsa jiki ne.

Akwai kuma masu cewa dole su ƙara gudu don su ƙone abin da suka ci a biki. Mutum mai nauyin kilo 70 da ya yi gudun kilomita biyar yana ƙona kalori kusan 350, abin da bai wuce gwangwanin lemo biyu da rabi ba. Farantin jalof da soyayyen zabo ya zarce haka. Wanda ke tsoron tumbin Janairu, a bakin kwano ne gyaran yake.

Yadda ake tsara makonnin

Tun da fita uku sun wadatar, abin da ya rage shi ne a zaɓi ranakun tare, tun kafin baƙi su iso. Zancen ba ya bukatar taro. Ya isa maigida ya ce: “Maman yara, a satin nan wace safiya ce ba za ki bukace ni ba?” Bambancin wannan da “gobe zan fita” shi ne bambancin shawara da sanarwa.

Wasu ranakun sun fita daga lissafi da kansu. A gidan Kirista, daren 24 ga Disamba akwai addu'ar dare, safiyar 25 akwai coci da girki da rabon abinci ga maƙwabta, Musulmi da Kirista. Daren 31 mutane kan kwana a coci har a shiga sabuwar shekara, kuma gudu bayan daren da ba a yi barci ba ba ya ƙara wa jiki komai. A gidan Musulmi, safiyar ɗaurin auren ɗan uwa ko ranar suna haka take. Wanda ya saki waɗannan ranakun da kansa, ba sai an roƙe shi ba, ya fi samun sauƙin neman sauran.

A ranakun da aka amince, hanya mafi sauƙi ita ce gudun ya fara daga ƙofar gida ya ƙare a ƙofar gida. Babu hawa babur, babu jiran kowa, babu zaman koko. Minti talatin ya tsaya a minti talatin. Haɗuwa da ƙungiya a bar ta sau ɗaya a mako. Kuma aikin da ke wuyan mutum ya riga gudun: a cika duro tukuna, a sayo gawayi ko gas, sannan a ɗaura takalmi. Mai dawowa da ƙosai ko burodi a hannu ya san yadda ake tarbarsa.

Sai batun ramuwa. In maigida ya samu sa'arsa da safe, uwargida ma tana da haƙƙin tata, ko ta yi barcin rana, ko ta je kitso, ko ta ziyarci ƙawa, yara na hannunsa. Ba a auna wannan da minti, amma ana ji a jiki in ɓangare ɗaya ne kullum ke bayarwa.

Tafiya ƙauye tana da nata ladabin. Surukin da ya zo Navrongo ko Nandom sau ɗaya a shekara, ya fito da gajeren wando ya wuce dattawa ba gaisuwa, ya bar wa matarsa abin da za a yi ta yi mata magana a kai bayan sun tafi. A fara gaida mutanen gida, a sa dogon wando, in akwai samarin gidan a ja su a tafi tare. Wanda ya sha fito ko wata giya da dare kuwa, ya san jikinsa ya riga ya rasa ruwa, busasshiyar iskar safe za ta ƙara masa.

In matar ce mai gudu

Mata na ƙaruwa a cikin masu sassarfa a Tamale, garin da dama an saba ganin mace a kan babur. Sai dai nasu cikas ɗin ya fi yawa. Namiji kan fita ya bar aiki a baya, mace kuwa sai ta gama ko ta samu mai riƙe mata. In uwar miji ta zo hutu, fitar suruka da asuba cikin kayan motsa jiki na iya zama abin magana, ko da ta sa dogon wando da riga mai sauka da ɗankwali. A nan kalma ɗaya daga bakin mijin, cewa da saninsa ne kuma don lafiyarta ne, ta fi dogon bayanin da ita za ta yi.

Akwai kuma tsaro. Fita cikin duhu ita kaɗai ba daidai yake da fitar namiji ba, shi ya sa mata suka fi dogara da ƙungiya ko filin makaranta. Ma'auratan da dukansu ke gudu sukan yi karɓa-karɓa: yau shi, gobe ita, ɗaya na tare da yara. Fita tare tana da daɗi, amma sai mai sauri ya yarda ya bi takun ɗayan. In ba haka ba, gara su yi tafiyar ƙafa bayan la'asar, wadda sau da yawa ita ce kaɗai damar da za su yi magana su biyu a gidan da ya cika da baƙi.

Hazo da titi

Wani dalilin rage gudu a wannan wata ba shi da alaƙa da aure. Iskar hunturu na ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ita ce dai wadda ke rufe Agadas da Zinder da Kano. Wani lokaci hazon kan yi kaurin da jirage ke kasa sauka a Tamale. Mai gudu yana shaƙar iska ninkin ba ninkin na mai zaune, kuma ta baki, don haka ƙurar na shiga ƙirjinsa sosai. Da asuba hayaƙin ƙona daji da na shara ma kan kwanta ƙasa-ƙasa. Ranar da aka tashi ba a hango ƙarshen layi, mai asma ko ciwon zuciya ya zauna a gida, mai lafiya ma ya rage. A sha ruwa kafin fita da bayan dawowa, domin a busasshiyar iska gumi na bushewa nan take, mutum bai san yana zubar da ruwa ba.

Titi ma ya fi haɗari a ƙarshen shekara, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ke tsananta faɗakarwa. A Ghana mota na bin hannun dama, don haka mai gudu ya bi gefen hagu yana fuskantar abin da ke tahowa, ya sa kaya masu haske, ya cire abin jin kiɗa daga kunne. Gaya wa na gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa wani ɓangare ne na tsaro, kuma yana kwantar da hankalin mai jira.

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, kuma babu mai musun haka a Tamale ko a Yamai, inda ake ganin irin waɗannan masu sassarfa a kewayen filin wasa na Seyni Kountché. Amma wanda zai kai mutum asibiti in ya faɗi, ya dafa masa abinci marar gishiri, ya tuna masa shan magani, yana cikin gidan da aka baro da asuba. Zuwa mako na biyu na Janairu baƙi sun tafi, yara sun koma makaranta, titin Bolgatanga na nan inda aka bar shi. Mai gudun da ya rage fita a Disamba zai koma da ƙarfinsa kusan yadda yake, kuma ba zai fara sabuwar shekara da biko ba.